Me Ya Sa Baƙar Fata Ke Riga Farar Fata Mutuwa a Amurka?

Ga bayanin da muka gabatar a filin lafiya na wannan mako, mun rubuta shi domin wanda shirin ya wuce shi, da wanda ya ji amma yake so ya sake bi a tsanake. In akwai wanda ba ya karatu kusa da kai, ka taimaka ka karanta masa.

Abin da ya jawo maganar saƙo ne daga wani mai sauraronmu, dillalin shanu. Ya ce ƙanwarsa tana aure a Amurka, cikinta ya tsufa, ta bugo masa waya tana cewa tsoron haihuwa take ji, don an ce a can baƙaƙen mata sun fi mutuwa wurin haihuwa. Shi kuwa abin ya ɗaure masa kai. Ya ce, "Amurka fa? Ƙasar da manyanmu ke tafiya neman magani?" To, Alhaji, ƙanwarka ba ta yi ƙarya ba. Bari mu bi maganar daki-daki.

Abin da alƙaluma suka nuna

Babu ƙasar da ke kashe kuɗi kan lafiya kamar Amurka: sama da dala 12,000 a kan kowane mutum a shekara. Baƙaƙen fata, waɗanda akasarinsu jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka ne, sun kai kimanin 13 cikin 100 na mutanen ƙasar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ita ke tattara alƙaluman haihuwa da mutuwa, ga kuma abin da ta samu.

A shekarar 2021, a cikin kowace haihuwa 100,000, baƙaƙen mata kusan 70 ne suka rasu suna da ciki, ko wurin haihuwa, ko kafin kwana 42, wato wajen arba'in ɗinmu. Farare kuwa kusan 27. Ka ga ninki biyu da rabi ke nan, har da ɗoriya. Jarirai ma haka: a cikin 1,000, na baƙaƙe kusan 11 ne ba sa cika shekara, na farare tsakanin 4 da 5. A 2019, kafin annobar korona, ana sa ran baƙar fata zai yi shekara kusan 75 a duniya, farar fata kusan 79. Da annobar ta zo, tazarar ta ƙara faɗi. Sankarar mama ba ta fi kama baƙaƙen mata ba, amma in ta kama su sun fi mutuwa, da kimanin kashi 40 cikin 100.

Kada mu ruɗi kanmu, namu halin ya fi nasu muni nesa ba kusa ba. A Najeriya, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya kai mata kusan 1,000 a cikin haihuwa 100,000, a Nijar ma ɗaruruwa ne. Amma mu mun san abin da ke kashe namu: nisan likita, rashin mota, rashin jini, rashin kuɗi. Su kuwa ƙasa ɗaya, gari ɗaya, wani lokaci ma asibiti ɗaya, ga kayan aiki, amma sakamako biyu. Wannan shi ne abin tambaya.

Ko a jini abin yake?

Abin da zai fara zuwa maka shi ne, ƙila halitta ce, jikin baƙar fata ne bai da ƙwari. Kai makiyayi ka fi kowa sanin yadda ake gwada irin wannan magana. In ka raba garke biyu, ka kai rabi fadama mai ciyawa da mashaya kusa, rabi ka bar su kan fako suna tafiyar yini kafin su sha ruwa, in rani ya ƙare ka ga na fako sun rame, ba za ka ce irinsu ne marar kyau ba. Uwa ɗaya ta haife su. Makiyayar ce ta bambanta.

Likitoci biyu a jihar Ilinoi sun yi irin wannan gwaji da takardun haihuwa, suka fitar da sakamako a 1997. Sun duba nauyin jarirai na mata iri uku: farare haifaffun Amurka, baƙaƙe haifaffun Amurka, da baƙaƙen da aka haifa a Afirka suka yi ƙaura zuwa can. Da a jini matsalar take, da jariran matan Afirka ne za su fi ƙanƙanta, tunda jininsu bai gauraya da na Turawa ba. Sai ga shi nauyin jariransu ya yi kusa da na farare, na baƙaƙe haifaffun Amurka ne ke can ƙasa. Wato matar da ta taso daga irin ƙasashenmu tana isa can da ƙwarinta. Zaman ƙasar ne, tun daga yarinta, ke cin jiki.

Sai ka ce to talauci ne da rashin ilimi. Suna ciki, amma ba su ƙare maganar ba. Alƙaluman hukumar na shekarun 2007 zuwa 2016 sun nuna baƙar macen da ta gama jami'a ta fi farar macen da ba ta ko gama sakandare ba haɗarin mutuwa saboda ciki. A Ingila ma, inda asibiti kyauta ne ga kowa, an yi shekaru baƙaƙen mata na mutuwa wurin haihuwa ninki huɗu, har biyar, kan farare.

Gaskiya ne akwai 'yan cututtukan da gado ke da hannu a ciki. Sikila ta fi yawa a cikin masu asali da Afirka. Akwai kuma wani ƙwayar gado da aka gano a 2010, mai yawa a cikin mutanen Afirka ta Yamma, wanda ke ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci, wanda tsando ke kawowa kamar yadda yake sa wa shanu sammore, amma yana ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Sai dai waɗannan kaɗan ne. Ba su bayyana dalilin da zai sa mai naƙuda ta yi ta kira ba a zo ba.

Inda abin ya samo asali

'Yar'uwa mai karatu, kin san yoyon fitsari, kin san yadda yake wulaƙanta mace bayan doguwar naƙuda. Likitan da ake danganta wa aikin ɗinke shi, Marion Sims, ya koyi aikin ne a jikin bayi mata a jihar Alabama tsakanin 1845 da 1849. Ɗaya daga cikinsu, Anarcha, an yi mata aiki kimanin sau 30, ba tare da maganin kashe zafi ba. Baiwa ce, ba ta da bakin cewa a'a. A zamanin, likitoci da dama sun yarda cewa baƙar fata ba ya jin zafi kamar Bature. An kafa wa Sims gunki a birnin New York, sai a 2018 aka ɗauke shi daga wurin.

An haramta bauta a 1865, amma wariya ta ci gaba kusan shekara ɗari. A jihohin kudu, asibitoci da yawa ba sa karɓar baƙar fata sam, wasu kuma sai su ware masa ɗaki a ƙarƙashin bene. Bayan wani rahoto kan makarantun likitanci da aka fitar a 1910, daga cikin makarantu bakwai da ke horar da baƙaƙen likitoci, biyu kaɗai suka tsira. Har gobe ana jin raɗaɗin wannan: baƙaƙen likitoci ba su kai 6 cikin 100 na likitocin ƙasar ba.

Sai kuma abin da ya faru a Taskigi, a jihar Alabama. A 1932 hukumar lafiya ta gwamnati ta tara baƙaƙen maza 600, galibinsu talakawan manoma. 399 daga cikinsu suna ɗauke da tunjere. Aka ce musu "mugun jini" ne ke damunsu, za a yi musu magani kyauta, ana ba su abinci, da alƙawarin kuɗin jana'iza. Ashe so ake a ga yadda ciwon ke cin mutum in an bar shi. Zuwa 1947 an riga an san penisilin na warkar da tunjere, amma aka hana su. Haka aka yi ta kallon su har shekara 40, sai a 1972 da jaridu suka tona asiri aka daina. Kafin nan mutane da yawa sun mutu, matan aure 40 sun kamu, an haifi yara 19 da ciwon. Sai a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara a madadin gwamnati.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa har yau za ka tarar da dattijo baƙar fata a Amurka yana ɗari-ɗari da asibiti, ba ya zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsa. In an je a makare kuwa, ka san sauran.

Kuɗi da unguwa

A Amurka magani da tsada yake, kuma akasarin mutane ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya. Wanda ke aikin lebura ko na wucin gadi sau da yawa ba shi da ita. A lissafin babban bankin ƙasar na 2022, dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta ninka ta gidan baƙar fata kusan sau shida. Dokar lafiya da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a 2010 ta rage yawan marasa inshora, ta kuma ba jihohi damar faɗaɗa tallafin magani ga talakawa. Amma wasu jihohin kudu, irin su Misisipi, Alabama da Jojiya, inda baƙaƙe suke da yawa, sun ƙi karɓar faɗaɗawar yadda dokar ta tanada.

Unguwa ma ba a banza ta rabu ba. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnati ta zana taswirar birane, ta shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, alamar kada a ba da bashin gida a nan. Unguwar da aka hana jari sai ta lalace: likitoci su ƙaura, kantunan abinci mai kyau su rufe, a kawo manyan tituna da masana'antu masu hayaƙi a dasa. Daga nan sai asma, da hawan jini, da ciwon suga. Fako ke nan, irin wanda muka faɗa ɗazu.

A cikin ɗakin likita

To, a ce mutum yana da kuɗi da inshora, ya isa asibiti mai kyau. An gama? A 2002 babbar cibiyar nazarin likitanci ta ƙasar ta haɗa bincike sama da 100 ta duba, ta ce ko da inshora ɗaya ce, samu ɗaya, ciwo ɗaya, baƙar fata na samun kulawar da ba ta kai ta farar fata ba, musamman a ciwon zuciya, da ƙoda, da sankara.

Yawancin likitocin nan ba mugaye ba ne, ba su tashi da safe da niyyar cutar kowa ba. Abin da aka gada ne yake aiki a zuci ba tare da an sani ba. A 2016 masu bincike a jami'ar jihar Bajiniya sun tambayi farare 222, ɗaliban likitanci da sababbin likitoci. Kusan rabinsu sun yarda da aƙalla magana ɗaya ta ƙarya, irin cewa fatar baƙi ta fi kauri. Waɗanda suka yarda da irin wannan, da aka ba su labarin majinyaci baƙi, sai suka rage masa nauyin zafin da yake ji. Ka ji fa, maganar zamanin Sims ce ta rayu shekara 170.

Masu sikila sun fi kowa ɗanɗana wannan. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila ya san yadda ciwon ke tashi, ƙashi kamar ana sara. A Amurka akwai masu ita kimanin 100,000, galibi baƙaƙe. Da yawansu na kukan cewa in sun je asibiti suna neman maganin zafi mai ƙarfi, sai a riƙa yi musu kallon 'yan ƙwaya, a bar su suna jira.

Ko suna da dukiya ba su hana. Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tanis, ta haihu ta hanyar tiyata a 2017. Washegari numfashinta ya fara sarƙewa. Ta taɓa samun gudan jini a huhu, don haka ta san alamar. Ta ce a yi mata hoton ƙirji a sa mata maganin tsinka jini. Kamar yadda ta ba da labari da bakinta, mai jinyar ta ɗauka maganin zafi ne ya ruɗa ta. Ta nace, aka yi hoton, aka ga gudajen jini a huhunta. Ta rayu don ta san ciwonta, kuma tana da bakin da za a ji. Ka tuna da wadda ba kowa ba ce.

Mudun da ke tauye awo

Ɗan kasuwa, wannan taka ce. Ka san mudun da aka buga wa gindi, ko sikelin da aka taɓa: mai awo zai iya zama mai gaskiya, amma awon ƙarya ne. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa majinyaci a yatsa, ta nuna yawan iskar oksijin da ke jininsa. Ƙila ka gan ta a likita lokacin korona. Haske take harbawa ya ratsa yatsa, sai ta lissafa. Duhun fata na iya sa ta nuna lamba sama da gaskiya. A ƙarshen 2020 likitocin jami'ar Mishigan sun gwada lambar na'urar da awon jini na ainihi. A cikin waɗanda na'urar ta ce iskarsu da dama-dama, kusan 12 cikin 100 na baƙaƙe iskarsu ta riga ta faɗi ƙasa sosai, farare kuwa ba su kai 4 ba. Wanda na'ura ta ce lafiyarsa lau, ai ba za a yi saurin sa masa oksijin ba.

Haka awon ƙoda. Shekara da shekaru lissafin da ake amfani da shi yana ƙara wa baƙar fata maki, don kawai baƙi ne, sai ƙodarsa ta fito kamar ta fi yadda take lafiya. Sakamakon haka, a makara wajen tura shi wurin ƙwararre, a makara wajen sa shi layin dashen ƙoda, alhali baƙaƙe sun fi farare kamuwa da mutuwar ƙoda kusan ninki huɗu. A 2021 manyan ƙungiyoyin likitocin ƙoda na ƙasar suka ce a cire launin fata daga lissafin, daga baya aka umarci asibitoci su mayar wa waɗanda aka tauye lokacin jiransu.

Abin yana gyaruwa in an so

Babbar shaidar cewa aikin mutum ne, ita ce in mutum ya sauya hali, alƙaluma su ma sai su sauya. A 1966 gwamnati ta fara biyan kuɗin maganin tsofaffi, ta ce duk asibitin da ke wariya ba zai ga ko sisi ba. Cikin 'yan watanni dubban asibitoci suka cire allunan wariya. A shekarun da suka biyo, mutuwar jariran baƙaƙe daga gudawa da ciwon huhu ta ragu ƙwarai a karkarar kudu.

Jihar Delawa ta fara wani shiri a 2002 kan sankarar hanji: gwaji kyauta ga marar hali, magani kyauta, da ma'aikatan jinya masu bin mutum har ya je. Kafin shekara goma tazarar gwaji tsakanin baƙi da fari ta rufe, ta mutuwa ma ta kusa rufewa. A birnin Oklan na Kalifoniya kuma, wani bincike na 2018 ya nuna baƙaƙen maza sun fi yarda a gwada musu suga da kitsen jini in likitan baƙi ne. Yarda ita ma magani ce.

Me ya shafe ka?

Da farko, Alhaji mai tambaya, ka gaya wa ƙanwarka ta kwantar da hankali amma ta buɗe ido. Mafi yawan mata a can lafiya suke sauka. Kwamitocin da ke bin diddigin mace-macen masu ciki a Amurka sun ce sama da 80 cikin 100 ana iya kauce musu, kuma fiye da rabi bayan mako guda da haihuwa suke faruwa, lokacin da kowa ya saki jiki ana hidimar suna. Ta riƙa zuwa awo. Kada ta je haihuwa ita kaɗai, ta tafi da wanda zai yi magana in ita ta kasa. In Turancinta bai nuna ba, ta nemi tafinta. In ta faɗi damuwarta aka share, ta sake faɗa, ta nemi a kira babban likita.

Alamomin haɗari kuwa ɗaya ne a can da nan: ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zubar jini mai yawa, zazzaɓi, sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Mai ciki ko mai jego da ta ga ɗaya daga ciki, ba a jira gari ya waye, ba a jira a gama arba'in.

Na biyu, na'urar yatsan nan ita ce dai a asibitocinmu, mu kuwa duk fatarmu mai duhu ce. Tana da amfani, kada ka ƙi ta. Amma in yaronka na haki, haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa shan nono, ka faɗa wa ma'aikaci ko da lambar ta yi kyau. Yatsa mai sanyi da fentin farce su ma suna iya rikita ta.

Na uku, mu duba kanmu. A nan ba mu da fari da baƙi a layin asibiti, amma muna da ɗan birni da ɗan ruga, mai takardar wannan ƙasa da mai ta waccan, mai jin Hausa ko Faransanci da wadda Fulatanci ko Buzanci kaɗai take ji. Ma'aikatan lafiya da ke sauraronmu, mun san kuna aiki cikin ƙunci, Allah ya saka muku. Amma in Bafulatana ta yi shiru tana naƙuda, kunya ce da pulaku, ba rashin jin zafi ba ne. A tambaye ta, a nemo mai jin harshenta. Kai kuma makiyayi, in dabbarka ta ƙi kiwo ba ka kwana ba ka duba ta ba. Iyalinka sun fi cancantar wannan hanzari. Ka je da wuri, ka faɗi abin da ka gani, ka tambayi sunan ciwon da sunan maganin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani, ya aiko mana yadda aka saba. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi, na gida da na asibiti. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.